AMANAR GIDAN ALLAH: HAKKIN MASU BI DA BA DA LISSAFI CIKIN IKILISIYA

Jawabin da Majalisar Masu Bi ta gabatar a ranar bikin Jubili na cika shekara 50 da kafa wannan ikilisiya

       

GABATARWA

Da farko muna miƙa godiya ga Allah Uba Mai Iko Duka, wanda ya kiyaye wannan ikilisiya tun ranar da iyayenmu suka fara taruwa a ƙarƙashin rumfar kara har zuwa yau. Da yawa cikin waɗanda suka ɗebo ruwa da ƙasa a ka domin ginin farko sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba su hutawa ta har abada. Amin.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin ita ce shekarar da Allah ya umarci Isra'ilawa su saki bayi, su mai da wa kowa gonarsa ta gado. Wato Jubili lokaci ne na murna, lokaci ne kuma na gyara. Saboda haka da aka ba mu damar yin magana a yau, muka zaɓi mu yi ta a kan abin da mutane suka fi yi a bakin ƙofa bayan an tashi Mas fiye da cikin taro: wane ne ke da baki a cikin al'amuran ikilisiya, kuma wa zai ba da lissafin dukiyarta? Ba mu zo da ƙarar kowa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

1. IKILISIYA TA WANE CE?

Yawancinmu mun tashi muna cewa "cocin Fada", "motar Fada", "makarantar Fada". Ba laifin iyayenmu ba ne. Tun da firistocin mishan na SMA suka sauka Shendam a shekarar 1907, Bature shi ne mai kawo kwano da siminti da magani daga ƙasarsu, kuma wanda ya kawo kuɗi ba a cika tambayarsa yadda ya kashe ba. Amma ko a wancan zamani, wane ne ya riƙe ikilisiyar ƙauye in Fada ya yi wata uku bai leƙo ba? Katikis ne. Shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke koyar da katikisma, shi ke binne matattu. Mata kuwa su suka share wuri, suka ciyar da baƙi, suka cika ƙauyuka da waƙoƙin bishara.

Yau zamani ya juya. A 1974 aka ba Bishop Gabriel Ganaka riƙon Dayosis na Jos, a 1975 kuma Akbishop Peter Jatau ya karɓi na Kaduna. Firistocinmu 'ya'yanmu ne, kuɗin da ake aiki da shi kuwa daga baikon Lahadi, da zakka, da godiyar kaka yake fitowa: mudun masarar gwauruwa, da albashin malamin makaranta, da ribar mai sayar da ƙosai. Tun da nauyi ya dawo kanmu, dole tunaninmu ma ya sake.

Ikilisiya da kanta ta riga mu faɗin haka. Babbar Majalisar Batikan ta Biyu, wadda Paparoma Yohanna na 23 ya buɗe ranar 11 ga Oktoba 1962, Paparoma Bulus na 6 kuma ya rufe ranar 8 ga Disamba 1965, ta koyar cewa Ikilisiya ita ce Jama'ar Allah gaba ɗaya. Ta wurin baftisma kowane mai bi yana da rabo cikin aikin Kristi na firist da annabi da sarki. Takardar Lumen Gentium ta 1964 ta keɓe sura guda domin masu bi, ta kuma ce suna da hakki, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su faɗa wa makiyayansu ra'ayinsu a kan abin da ya shafi amfanin Ikilisiya. Bayan Sinod na Afirka da aka yi a Roma a 1994, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sa hannu a takardar Ecclesia in Africa a Yawunde ta ƙasar Kamaru a watan Satumba 1995, inda aka kwatanta Ikilisiya da Iyalin Allah. Mu kuwa mun san yadda gida yake: maigida shi ne shugaba, amma gidan da uwargida da manyan 'ya'ya ba su san abin da ke cikin rumbu ba, bazara ce za ta tona asirinsa.

2. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

Wani zai ce maganar lissafi ta 'yan boko ce, ba ta dace da gidan Allah ba. Bari mu duba wurare uku.

Na ɗaya, 2 Sarakuna sura 12. Sarki Yowash ya sa firistoci su gyara Haikali da kuɗin da jama'a ke kawowa, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara komai ba. Sai firist Yehoyada ya ɗauki akwati ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. In akwatin ya cika, magatakardan sarki da babban firist su ke zuwa tare su ƙidaya, a ba masu lura da aiki su biya magina da massassaƙa. Da aka gyara hanyar riƙon kuɗi, sai aiki ya tashi. Ku lura, mutum biyu ne ke ƙidaya.

Na biyu, Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsawata wa masu kuka ba. Sun tara jama'a duka, suka ce su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Jama'a suka zaɓa, manzanni suka ɗibiya musu hannu. Sunayen bakwai ɗin nan, tun daga Istifanus, duka na Helenanci ne, alamar cewa an ba masu kukan ne riƙon abin da suke kuka a kai.

Na uku, 2 Korintiyawa sura 8. Manzo Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, amma bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, domin kada kowa ya sami abin zargi. Ya bayyana cewa bai isa abu ya zama daidai a gaban Allah kaɗai ba, sai mutane ma sun ga daidai ne. In Bulus bai ɗauki wannan a matsayin raini ba, wane ne a cikinmu zai ɗauka? Kada mu manta kuma, a cikin sha biyun nan, mai riƙon jakar kuɗi shi ne ya fāɗi.

Iyayen Ikilisiya na dā sun bi wannan sawu. Waliyi Sifiriyan, Bishop na Kartej a Afirka ta Arewa, wanda aka kashe domin bangaskiya a shekarar 258, ya rubuta wa firistocinsa cewa tun farkon aikinsa ya ƙudura ba zai yanke wani abu shi kaɗai ba sai da shawararsu da yardar jama'a.

3. ABIN DA DOKAR IKILISIYA TA TANADA

Da yawa cikinmu ba su san cewa waɗannan abubuwa suna rubuce cikin Dokar Ikilisiya, wadda Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya kafa ranar 25 ga Janairu 1983 ba. Ga kaɗan daga ciki:

(a) Sashe na 212 ya ba mai bi hakkin bayyana bukatarsa da ra'ayinsa ga makiyaya, gwargwadon saninsa, cikin ladabi.

(b) Sashe na 222 ya ɗora mana nauyin biyan bukatun Ikilisiya: sujada, da aikin bishara, da taimakon matalauta, da ciyar da ma'aikatanta.

(c) Sashe na 492 ya ce kowane Dayosis ya kasance da majalisar kuɗi ta aƙalla mutum 3, masu sanin harkar kuɗi da dokar ƙasa, masu gaskiya, na tsawon shekara 5. An hana sa dangin Bishop na kusa, ta jini ko ta aure.

(d) Sashe na 537 ya ce dole kowace ikilisiya da ke ƙarƙashin Fada ta kasance da majalisar kuɗi. Sashe na 536 kuma ya yi maganar majalisar kiwo, wadda ake kafawa in Bishop ya ga ya dace. Fada ne shugabanta, aikinta kuwa ba da shawara.

(e) Sashe na 1267 ya ce kyautar da aka bayar domin wani aiki, wannan aikin kaɗai za a yi da ita. Kuɗin rufi na rufi ne.

(f) Sashe na 1283 ya ce kafin sabon mai riƙo ya kama aiki, a rubuta dukan kayan ikilisiya dalla-dalla, ya sa hannu.

(g) Sashe na 1287 ya ce a kai wa Bishop rahoton kuɗi kowace shekara, a kuma ba masu bi lissafin abin da suka bayar, bisa ƙa'idar da aka kafa a yankin.

Saboda haka wanda ya tambayi lissafi cikin ladabi bai yi tawaye ba. Haka kuma, 'yan'uwa, ɗan majalisar da ya ɗauka shi ne ubangidan Fada ya ɓata hanya, gama sashe na 532 ya ce Fada shi ne wakilin ikilisiya a gaban doka. Shawara ba umarni ba ce. Amma shawarar da kullum ake ji ba a aiki da ita, ba a kuma faɗi dalili ba, wata rana masu ba da ita za su daina zuwa taro.

4. DARUSSA MASU ZAFI DAGA WASU ƘASASHE

Ba daɗi a faɗi abin da zai biyo baya a ranar biki, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

A Dayosis na Limburg a ƙasar Jamus, a shekarar 2013, aka gane cewa ginin sabon gidan Bishop da ofisoshinsa ya ci kusan Yuro miliyan 31, ninki da yawa na abin da aka fara faɗa wa jama'a. Paparoma Faransis ya janye Bishop ɗin daga aiki, a watan Maris 2014 kuma aka karɓi murabus ɗinsa. Bayan wannan ne dayosis da dama a Jamus suka fara buga lissafin dukiyarsu a fili.

Fadar Batikan ma ba ta tsira ba. Sayen wani babban gini a birnin Landan ya jawo asara mai yawa, har a 2021 aka gurfanar da mutum 10 gaban kotun Batikan, ciki har da Kadinal. Kotu ta yanke hukunci a Disamba 2023, aka kuma ɗaukaka ƙara. Tun a Fabrairu 2014 Paparoma Faransis ya kafa Majalisar Tattalin Arziki mai mutum 15, inda 7 daga ciki ƙwararrun masu bi ne. A 2020 ya naɗa mata 6 a cikinta.

Abin da ya fi duka ciwo shi ne cin zarafin yara. A 2002 jaridu suka tona yadda aka yi shekaru a Boston ta Amurka ana canza wa firistoci masu laifi wurin aiki maimakon a hukunta su, har Kadinal Bernard Law ya yi murabus a Disamba na shekarar. An yi shiru domin a kare sunan Ikilisiya, shirun kuwa shi ya fi ɓata sunan, ya kuma bar yara cikin haɗari. A Fabrairu 2019 Paparoma ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Roma a kan wannan batu. Cikin waɗanda suka yi musu jawabi har da 'yar ƙasarmu, Sista Veronica Openibo, wadda ta gargaɗe su kada su ce wannan cuta ta Turawa ce kaɗai, domin ta san tana nan a Afirka. A Mayu 2019 aka kafa dokar Vos estis lux mundi, wadda ta wajabta wa firistoci da Sistoci kai rahoton irin wannan laifi, ta kuma sa kowane Dayosis ya buɗe hanyar karɓar ƙara.

Ƙofa kuma tana ƙara buɗuwa. Tsarin mulkin Fadar Batikan na 2022 ya yarda mai bi, namiji ko mace, ya shugabanci ma'aikata. A Janairu 2025 aka naɗa Sista Simona Brambilla shugabar ma'aikatar da ke kula da ƙungiyoyin masu alkawari, mace ta fari a irin wannan matsayi. A zaman Sinod na 2023 da na 2024 masu bi maza da mata sun jefa ƙuri'a tare da bishop-bishop. Takardar ƙarshe ta ranar 26 ga Oktoba 2024 ta nemi majalisun shawara su zama dole su kuma yi aiki na gaske, a riƙa fitar da rahoton kuɗi kowace shekara wanda masu bincike na waje suka duba in da hali, da rahoto a kan aikin bishara da kāre yara. Paparoma Faransis ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025, aka zaɓi Paparoma Leo na 14 ranar 8 ga Mayu 2025, aikin aiwatarwa kuwa ya rage ga kowane Dayosis da kowace ikilisiya, har da tamu.

5. MU DUBI KANMU

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada mu nuna firistoci da yatsa mu manta da namu.

Dattawan da ke nan za su tuna da filin wani reshenmu na ƙauye. Wani bawan Allah ya ba mu shi kyauta da baki, muka yi murna muka yi addu'a, ba wanda ya ɗauki alƙalami. Da ya rasu, magada suka zo da tasu magana, shaidu kuma sun mutu. Muka yi shekaru muna zirga-zirga, zumunci ya lalace, a ƙarshe muka sayi abin da aka riga aka ba mu. Za mu kuma tuna da wata gidauniya da muka kafa, manyan baƙi suka yi alkawari a lasifika, aka tafa. Da aiki ya tsaya, sai raɗe-raɗi ya cika gari cewa an ci kuɗin. Da aka zauna aka bincika, ashe yawancin alkawuran ba a biya ba ne. Mutanen kirki suka sha zargi a banza, wasu iyalai suka daina zuwa sujada, don kawai ba a karanta lissafi a kan lokaci ba. Lissafi a fili garkuwa ne ga mai gaskiya tun kafin ya zama tarko ga maras gaskiya.

Akwai kuma ma'ajin ƙungiya da ke ajiye kuɗin zumunta a ƙarƙashin katifa, ya ci bashi a ciki da niyyar mayarwa. Akwai shugaban da ya shekara goma sha a kujera ba zaɓe. Akwai zaɓen da ake yi bisa ƙabila maimakon cancanta. Akwai mu da muke ƙin zuwa taro, sa'an nan mu yi namu taron a gindin mangwaro. Akwai akawu da lauya da injiniya da ke zaune a benci kowace Lahadi, an roƙe su su taimaka sun ce ba lokaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. SHAWARWARINMU

Da izinin ubanmu Bishop, muna gabatar da waɗannan domin shekaru masu zuwa:

1. Majalisar kuɗi da majalisar kiwo su riƙa zama a kan lokaci, a rubuta abin da aka tattauna, a liƙa sunayen membobi a allon sanarwa. A sa mata da matasa da wakilan rassan ƙauye a ciki.

2. Aƙalla mutum 3 waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙidaya baiko, su sa hannu, a riƙa canza su, a kai kuɗin banki da wuri. Kada kuɗin ikilisiya ya shiga asusun wani mutum, ko ta hannu ko ta waya.

3. A ba da rasit a kan kowace gudummawa, a karɓi rasit a kan kowane saye.

4. A karanta taƙaitaccen lissafi kowane wata 3, cikakke kuma sau ɗaya a shekara, da Hausa da Turanci, yadda tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta gane.

5. Kowace ƙungiya, daga Zumuntar Mata har zuwa mawaƙa, ta bi wannan ƙa'ida, ta kuma kiyaye wa'adin shugabanninta. Mu ne ya kamata mu fara.

6. A nemi takardun mallakar dukan filayenmu, a ajiye kwafi a ofishin Dayosis, a sabunta jerin kayan ikilisiya duk lokacin da aka canza Fada.

7. A sa albashin Katikis da na sauran ma'aikata cikin kasafin shekara, a biya a kan kari. Ba daidai ba ne mu sayi sabuwar lasifika alhali mai koya wa 'ya'yanmu addu'a yana bin mu bashin wata da watanni.

8. A sanar da kowa inda zai kai kuka in an ci zarafin yaro ko wani marar ƙarfi, a saurare shi, kada a rufe bakinsa da sunan rufin asiri.

9. Mai tambaya ya fara zuwa wurin wanda abin ya shafa, kamar yadda Ubangiji ya koyar a Matiyu sura 18, kafin ya kai maganar WhatsApp ko Facebook.

KAMMALAWA

An ba da labarin Waliyi Lauran, dikin mai riƙe da dukiyar ikilisiyar Roma a shekarar 258. Da mai mulki ya ce ya kawo masa dukiyar, sai ya tara matalauta da guragu da makafi da gwauraye ya nuna su a matsayin dukiyar Ikilisiya, aka kashe shi saboda haka. Domin irin waɗannan mutane ne muke maganar lissafi. Kowace naira da ta ɓata, maganin wani majiyyaci ne ko kuɗin makarantar wani maraya.

Iyayenmu firistoci, muna ƙaunarku, muna yi muku addu'a, mun kuma san wahalar da kuke sha, har wasunku sun ba da ransu a wannan ƙasa. Ku bar mu mu ɗauke muku nauyin littattafan kuɗi da na gini, kamar yadda bakwai ɗin nan suka yi wa manzanni, domin ku sami sarari ga addu'a da hidimar Maganar Allah. Mu kuma masu bi, in an kira mu mu amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yawancinmu ba za mu ga bikin cika shekara 100 ba, amma yaran da suka yi mana waƙa a yau za su gani. Bari su tarar da takardun fili a ajiye, da littattafai a rubuce, da jama'a masu amincewa da juna. Dukanmu kuwa, daga Bishop har zuwa mai shara, za mu tsaya wata rana gaban Maigidan mu ba da lissafin wakilcinmu. Allah ya sa ya same mu amintattu.

Uwarmu Maryamu, Uwar Ikilisiya, ta yi roƙo dominmu. Allah ya albarkaci Bishop namu, ya albarkaci wannan ikilisiya, ya ba ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. 

Cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.